Gyaɗar Malam Jibo

Dakta Zubair ya daɗe yana Daraktan Wasanni a jami'a, kuma ya san manya ba sa tunawa da sashensa sai ranar ɗaukar hoto da kofi. Bana ko hoton ba su yi alkawari ba. Majalisar jami'a ta shaida masa, cikin Turancin nan nasu mai santsi, cewa idan aka dawo daga gasar jami'o'i hannu rabbana, za a rushe sashen a cusa shi ƙarƙashin ofishin kula da ɗalibai, kusa da masu rabon katifa.

Bai ɗaga hankalinsa ba, domin yana da Hammawa, ɗalibin likitancin dabbobi daga wata ruga ta wajen Beli a ƙasar Rogo. A gudun dogon zango babu wanda ya taɓa ganin gabansa, ƙeyarsa kawai suka sani. Sai ga shi an buɗe sansanin horo, Hammawa bai dawo daga hutu ba, wayarsa kuma a kashe.

Aka tura Koci Nuruddeen, matashin da ya tashi a birni, ya yi karatu a waje, ya dawo da agogo mai auna bugun zuciya. Ya je ya dawo ransa a ɓace. Ya ce uban ya ƙi. Ya same shi cikin jama'a a gindin bishiya, ya nuna masa bidiyon ɗansa, ya yi ta cewa Hammawa kaza, Hammawa kaza, ƙasa za ta yi alfahari da shi. Tsohon ya kawar da kai ya shiga zancen damina, daga baya ma ya sa aka tallafe shi, shi tsohon, aka kai shi ɗaki. Shi kuwa Hammawa ko kusa bai zo ba. A ganin koci, jahilci ne da ƙin boko.

Zubair ya tambaye shi ko ya san Hammawa na nawa ne a gidan. Bai sani ba.

"Ɗan fari ne," in ji Zubair. "Ka tsaya gaban Bafillace a bainar jama'a kana kiran sunan ɗan farinsa, kana yabonsa, kana jira ya taya ka. Da ya amsa maka, da shi ne marar kunyar."

Littattafan sarrafa 'yan wasa sun cika ofishin Zubair, ya karance su tas, babu wanda ya ambaci wannan. A gida ya koya. Marigayiya matarsa Sadiƙa har ta koma ga Allah ba ta taɓa furta sunan babban ɗansu ba. A gadon asibiti ma abin da ta tambaya shi ne ko wancan ya ci abinci.

Washegari ya ɗauki mota. Ya ratsa Karaye, garinsu, bai tsaya ba, domin babu kowa a gidan sai makulli. Ya tarar da Malam Jibo, mahaifin Hammawa, a kan tabarma, ƙafarsa ɗaure da karare. Suka yi gaisuwa doguwa. Ya tambayi jiki, ya tambayi shanu, ya tambayi iyali a dunƙule, ya yi addu'ar sauƙi. Bai ambaci gudu ba, bai ambaci mai gudun ba. Da zai tashi sai ya nemi iso wajen Goggo Hajo, yayar Jibo, wadda ta goyi Hammawa tun daga yaye.

Goggo Hajo ba ta da ciwon baki. Ta fara da tambayar ko shi ma ya zo da majigin ne, irin na yaron nan mai matsattsen wando. Sannan ta warware masa zance. Babu wanda ya hana Hammawa komawa. Bijimi ne ya take ƙafar ubansa, ƙaninsa yana wajen kiwo, ruwa ya ɗauke, gyaɗa kuma tana cikin ƙasa. In ƙasar ta ƙara tauri, ganyen zai tsinke a hannu ya bar 'ya'yan a ciki. Shi kaɗai yake tono tun safe har rana ta faɗi. Ba zai tafi ba sai uban ya sallame shi, uban kuwa ba zai buɗe baki ya yi masa magana ba, balle ya ce a bar gona.

"Ni na ce ya tafi, ya ƙi," in ji ta. "Kansu ɗaya da uban, kamar dutse. Kai da aka ce dakta ne, sai ka ba su magani."

Zubair ya ce yana da maganin, kuma a mota zai zo.

Jami'ar tana da ƙungiyar ƙwallon ƙafa da ta fi kowa cin abinci a sansani, ta fi kowa neman sabuwar riga, ga shi ragar abokan karawa ba ta san su ba. Zubair ya buga waya ya ce a zuba su a bas a kawo su Beli, za a yi atisayen juriya. Da suka sauka suka ga fartanyu a jere, kyaftin ɗinsu Kabir ya matso yana sosa ƙeya.

"Yallaɓai, mu fa 'yan ƙwallo ne."

"Haka nake ji ana faɗa," in ji Zubair, ya miƙa masa fartanya. Ta biyu ya ba Koci Nuruddeen, ya ce agogon nan zai sami aikin yi yau.

Labari ya bazu cewa 'yan jami'a suna gayya a gonar Jibo. Mutane suka fito kallo, daga kallo suka shiga gyara musu riƙon fartanya, daga nan suka karɓe tonon kunya bayan kunya, domin ba a iya tsayawa ana ganin ɓarna. Mata suka kawo fura da nono. Mai tsaron raga ya yi ta sakin gyaɗa tana zubewa, wani dattijo ya tambaya ko a wajen aikinsa ma haka yake, aka ce masa ƙwarai. Hammawa yana can ƙarshen gona, bai ɗago kai ba, amma kunyar gyaɗar da yake tonewa ta fi ta kowa saurin ƙarewa. Kafin su bar garin an tone gonar kaf, an kife gyaɗa tana shan rana.

Ranar tafiya bas ta cika, direba ya tayar da inji. Hammawa yana tsaye a bayan garke da jakarsa a ƙasa, bai motsa ba. Nuruddeen ya yunƙura zai nufi wajen tsohon, Zubair ya riƙe masa gefen riga. Suka jira. Malam Jibo ya daɗe yana kallon shanunsa, sannan ya juya wajen yayarsa.

"Adda, ki duba ko da sauran kujera a motar baƙin nan. Akwai wani a bayan garke da ya tare mini iska."

Goggo Hajo ta ƙwala wa Hammawa kira da cikakken sunansa, yadda duk rugar za ta ji. Ya ɗauki jaka, ya durƙusa daga nesa, ya shiga mota.

A gasar, an fitar da 'yan ƙwallo tun wasan farko, kodayake kowa ya yarda ba su gaji ba. Hammawa ya ɗauko lambar zinare. Manyan jami'a suka zo hoto da manyan riguna, maganar rushe sashe ta bi ruwa, har wani a cikinsu ya yi jawabi a kan hangen nesan majalisa. Zubair ya tafa masa.

Da ya koma duba ƙafar Malam Jibo, ya ga lambar a rataye a dirkar ɗakinsa, daidai inda idon mai kwance zai sauka. Tsohon ya lura da inda yake kallo. Ya ce yara ne suka rataye, shi bai ma san ta waye ba.