Bishiyar Yogor

Ni tun farko na ce mutanen nan na sabon coci za su jawo mana magana. Sun zo daga birni da tsohuwar mota da zarto mai inji, suna gyara wa tsofaffi rufi, suna faskara musu itace, ko kwabo ba sa karɓa. Ka miƙa musu giya su yi murmushi su miƙo maka littafi. Wa ya taɓa ganin alheri haka kawai?

Maƙwabciyata Okulina ba ta da kowa tun da kogi ya ci ɗanta Yogor. Tana coci ranar Lahadi, namu na kaka da kakanni, mutanen sabon cocin suka ga rumfar itacenta wayam, ga sanyi ya ƙarato. Sai suka hango wata busasshiyar bishiya bayan gidanta, suka kayar, suka faskara, suka jera mata tsaf. Ko yaron goye a garin nan ya san bishiya mai kuka in iska ta kaɗa, ran mamaci ne a ciki. Wannan kuwa Yogor ne, kullum da yamma tana zuwa su yi hira.

Ta ƙi taɓa itacen. Ƙanƙara ta sauka, ta ƙone shingenta, ta ƙone kujeru. Na kai mata nawa, amma nawa guda nawa ne? Na kasa zaune na kasa tsaye, bini-bini ina leƙa taga ko zan ga hayaƙi a rufinta. Na yi faɗa har na gaji, wallahi tsoro nake ji in wayi gari in tarar ta sandare.

Haushi ya sa na tare shugabansu Vitali a hanya, na wanke shi tas. Washegari sai ga shi da wani itacen, ya tsaya a ƙofarta ya cire hula yana ta ba da haƙuri. Na san shi kam bai yarda da zancen rai a bishiya ba. Okulina ko kallon itacen ba ta yi ba.

Ta ce, "Ɗan nan, da kuka sa masa zarto, ya yi kuka?"

Na yi ta ƙifta masa ido ya ce a'a. Ina! Mutanen nan ba sa ƙarya.

Ya ce, "Ya yi, Iya. Har ya kai ƙasa."

Ta daɗe tana riƙe da ƙofa, sannan ta matsa gefe.

"Shigo ka hura min wuta. Ka zauna ka gaya min yadda ya yi, kai ka ji shi a ƙarshe."