Randar Gwaggo da Bindigogi Uku

Jiya bayan la'asar, ana ɗan yayyafi, ba wanda ya kawo gyaran keke, sai na kishingiɗa a zaure. A nan barci ya ɗauke ni, na yi wani mafarki.

Na ga kaina a wani fili mai faɗi. Can ma yayyafin ake yi, amma daga ƙasa yake tashi, don haka kowa ya riƙe lemarsa a ƙarƙashin ƙafa. Wani talo-talo sanye da tabarau yana zaune a kan tebur, shi ne alƙalin gasar harbi.

"Tanimu mai keke, ka makara," in ji shi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ko danƙo ban iya harbawa ba."

"Madalla. Irinku muke nema."

Ya nuna can nesa da fiffike. An rataye faifai, an ɗiga baƙi a tsakiyarsa. A jikin faifan kuma, ga randar Gwaggo Kande. Gwaggo ƙanwar babana ce, ita ta raine ni, randar nan kuwa ta girme ni. Ko moɗa ba a ajiye mata da ƙarfi.

Talo-talo ya ce, "Harbi ɗaya. Ka sami baƙin nan, ka ɗauki randarku ka tafi. Ka kauce, to randa za ka samu."

Sai ga ni a gaban tabarma. Ƙananan bindigogi uku suna zaune suna cin gyaɗa. Na durƙusa na gaishe su.

Ta farko guntuwa ce, ba nauyi. Ta ce, "Ɗauke ni, ɗan samari. Ni ko a aljihu ina shiga."

Ta biyu mai ciki, cikinta yana juyawa da ɗakuna shida. Ta yi tsaki. "Kada ka biye mata. Tana tashi sai ta yi tsalle kamar an taka wutsiyar kyanwa. Bara an nuna mata faifai, ta je ta sami hular mai shayi."

"Ke fa?" in ji guntuwa. "Kunamarki tauri kamar ƙofar tsohon shago. Kafin mutum ya gama ja, hannunsa ya bar saiti."

Ta ukun doguwa ce, mai nauyi. Ita dai tana ta ɓare gyaɗarta.

Na ce, "Hajiya, ke ba ki yi magana ba."

Ta ce, "Duba bayana."

Na duba. Akwai ɗan tsagi a baya, da ɗan tsini can a baki, tsakaninsu da nisa. Na guntuwa kuwa suna kusa, kamar za su yi raɗa. Nan na gane. Haka nake duba ƙafar keke in ta karkace: in runtse ido ɗaya in bi ta da kallo, kuma doguwar hanya ta fi nuna karkata. Nauyin ma na san shi. Tsohon keke mai nauyi ba ya rawa a kan yashi.

Sai na yi abin da na saba. Na ciro 'yar kwalbar mai daga aljihu, na ɗiga wa doguwa, na latsa bakinta da yatsa in ji ko da iska.

"Ni ba taya ba ce," in ji ta. "Amma man ya yi daɗi."

Na tsaya. Na ɗaga doguwa na auna faifai. Randa ta leƙo daga bayan faifai ta ce, da muryar Gwaggo, "Tanimu, in ka fasa ni, a tafin hannu za ka riƙa shan ruwa."

Doguwa ta ce, "Riƙe numfashi, kamar za ka ɗaure wayar ƙarshe ta ƙafar keke. Kada ka fizga. Matsa a hankali."

Na matsa. Harsashi ya fito a ƙafa, yana tafe yana gaida mutane. Ya tambayi talo-talo iyali. Da ya kusa, ya ɗan karkata wajen randa. Ashe ƙishirwa yake ji. Ya sha ruwa, ya goge baki, ya je tsakiyar baƙin ya zauna ya miƙe ƙafa.

Fili ya ɗauki tafi. Guntuwa ta ce sa'a ce kawai. Tafin ya yi ta ƙaruwa, kwal, kwal, kwal.

Na buɗe ido. Ruwan indararo ne yake ɗiga a bokiti.

Na shiga cikin gida. Ruwa ya zaizaye ƙasar gindin randa, har ta ɗan kwanta gefe ɗaya. Na runtse ido na duba ta, na samo dutse na tokare ta, ta miƙe.

Gwaggo ta fito da tsintsiya ta ce, "Kai kuma me ka tsaya yi a hanya? Matsa in share."

Na matsa.