Awon Ɗakin Kwano

Mani ya ɗora kyauron a kan tsirkiya, ya ja baka har gwiwar hannunsa ta taɓa bangon kwano. Nan ya tsaya. Ya sa farce ya yi alama daidai inda kyauron ya haɗu da baka, ya ƙara faɗin yatsu biyu, ya yanke da 'yar wuƙarsa. Haka ubansa ya koya masa a Faskari: kowane maharbi da jansa ake auna masa kibiya. In ta gaza, ƙarfen zai dawo ya shafi yatsun mai harbi, ga shi kuwa da dafi a baki.

Ɗakin gadin da kaɗan ya fi akurkin kaji. Kamfanin da ke shimfiɗa kwalta a Ƙanƙara ya kafa shi a ƙofar yadi saboda ɓarayin siminti, Mani kuma yana ciki tun shekarar da fari ya cinye masa gona. Dokar helma, shugaban ma'aikata, guda ce: mai gadi ya zauna ɗakinsa, baka ya leƙo ta taga, kada a gan shi waje sai in mota ta yi ham. Da rana kwanon yakan yi ƙas-ƙas kamar wani abu na taunarsa. Akwai wani ƙadangare mai guntun wutsiya da ke zuwa inuwar taga, Mani yakan ba shi labarin ɓauna.

Da la'asar sai ga Gide a kan keke, abokin farautarsa tun suna samari.

"Salamu alaikum, mutanen kurkuku."

"Amin alaikumus salam. Ashe ba ka mutu ba, tsohon banza?"

Gide ya jingina keken, ya sa kai ta taga. "Jibi za a shiga daji. Samari duk sun watse Kaduna, mu tsofaffi muka rage. Sarkin baka ya ce in gaya maka, in bana ma ba ka zo ba, wani za a ba gefenka na gabas. Ka san ba a maidawa."

"Helma ba ya ba da hutu. In na taka, gobe wani na cikin ɗakin nan. Uwargida Mero da jikoki mi za su ci?"

"Su ci naman gada. A da mi suke ci?"

Mani ya miƙo masa baka da kibiyoyin da ya gama ɗaurewa da jijiya. "Duba dai, hannun bai manta ba. Ko yau aka ce a tashi, a shirye nake."

Gide ya zari ɗaya, ya ɗana, ya ja har kunne. Ƙarfen ya zame ta bayan baka ya karce masa babban yatsa. Ya dubi jinin, ya dubi Mani.

"Allah ya sa ba ka shafa dafi ba. Wa ka yanke wa wannan, jikanka?"

"Awona ne."

"Ba awonka ba ne. Hannuna da naka ɗaya, a kwari guda muke zara tun kafin mu yi gemu."

Mani ya waiga, ba alamar helma. Ya fito fili, ya karɓi bakan, ya fuskanci kukar da ke hayin titi, ya ja. Gwiwar hannunsa ta je wani wuri ta tsaya. Ya waiwaya. Ba komai a bayansa, sai iska da tulin tsakuwa can nesa. Ya sassauta, ya sake ja da ƙarfi har wuyansa ya yi jijiya. Nan dai ta sake tsayawa, daidai inda kwano yake tarar ta.

Gide ya sunkuya yana gyara sarƙar keke, wadda ba abin da ya same ta.

Wata tifa ta danna ham a ƙofa. Mani ya shiga ɗaki ya ɗauko sauran damin kyauron. "Tafi da waɗannan, ban taɓa su ba. Ka yanke da awonka."

"Mi zan ce wa sarkin baka?"

"Ka ce ina gaishe shi."

Ya je ya buɗe ƙofar, tifar ta shige, ya rufe. Da ya koma ciki sai ya ɗana kibiya guda, ya ja har kwano. Cif ta zauna, da rarar yatsu biyu.