Sun Ƙi Jefa Masa

Sambo mahauci ne a Malali, tsohon ɗan dambe daga ƙasar Katsina, kuma bai taɓa goyon bayan mai ƙarfi ba. Ko raguna ya ga suna karo, bayan ramammen yake. A shagon askin Sulaiman ya ci karo da besbol, wasan da 'yan shagon ke kira ƙwallon sanda. Ana gasar ƙasashe a can gabashin duniya, a nan kuwa da hantsi ake nunawa a talabijin, lokacin da babu ƙwallon ƙafa.

Wata 'yar ƙaramar ƙasa ce ta shiga ransa, wadda ko sunanta bai iya faɗa daidai ba. Sulaiman ya ce masa 'yan wasanta wasan ba sana'arsu ba ce, wani malamin makaranta, wani ɗan kwana-kwana. A cikinsu akwai wani ƙato mai gemu da Sambo ya raɗa wa suna Bahago, don da hagu yake dukan ƙwallo. Ran nan suka haɗu da manyan gasar, masu kuɗi da suna. Sambo ya bar wa ƙanensa teburin nama, ya zo ya zauna da ƙarnin jini a rigarsa.

Abu ɗaya yake so: Bahago ya samu dukansa. Shi kansa a zamanin dambensa ya sha miƙa wa manya hannu a fage, iyayen gidansu su janye su, a ce bai kai ba. Har ya tsufa bai gwada su ba.

"Baba Sambo, naka fa sun kusa shiga motar komawa gida," in ji Ashiru, direban keke da ke jiran aski. Shi kullum inda nasara take nan yake.

"Yi mini shiru, ɗan bin iska. Jiya ma ba ka san wasan ba."

Wasa ya zo ƙarshe, manyan na gaba da ci ɗaya tak. Sulaiman ya tsayar da injin aski ya ce saura mutum ɗaya a fitar a tashi. Sai ga Bahago ya fito yana jujjuya sanda. Sambo ya miƙe tsaye.

Mai jifa bai jefa ba. Kocinsu ya ɗaga yatsu daga inda yake zaune, alƙalin wasa ya nuna wa Bahago hanya, ya ajiye sanda ya taka zuwa zangon farko cikin huɗun da ake zagayewa kafin a ci.

"Sun tsorata!" Sambo ya buga ƙirji. "Wallahi sun ƙi shi! Ashiru, ina bakin naka? A fage in ka ƙi mutum gaban jama'a, ai ka sallama."

Sulaiman ya sosa ƙeya. "Baba, ba sallamawa ba ce. Dabara ce. Doka ta yarda ka ƙi jefa wa wanda kake tsoro, ka ba shi zango ɗaya kyauta, ka jira na bayansa."

"Na bayansa wa?"

Na bayan ya fito, wani siriri mai tabarau, sandar ma kamar ta fi ƙarfinsa. Jifa uku, ya kai duka uku, iska ya samu, aka fitar da shi. Manyan suka ruga fili suna rungumar juna, suna tsalle kamar sun kayar da giwa. Kyamara ta nuno Bahago can gefe, yana cire safar hannu a hankali.

Ashiru ya tafa. "Kai, kocin nan akwai ƙwaƙwalwa!"

Sambo ya dube shi tun daga kai har silifa.

"Ƙwaƙwalwa? Mutum ya bar aikinsa, ya tsallaka teku, ya tsaya gabanka da sanda, ka kauce, sannan ka yi rawa? Kuma kai da ko tutarsu ba ka sani ba kana tafa musu?"

"To ai sun ci, Baba."

"Sun ci kunya."

Ya fita ƙofar shago ya tofar da yawu a kwata. Sulaiman ya leƙo ya ce gobe manyan za su sake bugawa, ko ya ajiye masa kujera.

"Ba wa Ashiru," in ji Sambo. "Ni ba na kallon matsorata sau biyu."