Ɗinkin Mallam Bubayaro

Duk Potiskum mutum ɗaya ne ke da irin littattafan da Sharfaddeen mai gyaran rediyo ke mutuwar so, wato Ochai, malamin kimiyya a sakandare. Kwali uku gare shi, duk na gwanjo daga Jos, yawancinsu ko bango babu. Rabi tarihi ne, rabi kuma ƙagaggun labarai na biranen da ba a gina ba tukuna, inda ake jona wa mutum waya a ƙeya ya shige cikin kwamfuta. Doka ɗaya Ochai ya kafa: wanda ya lalata masa littafi, shi da aro har abada.

To, a daminar 1996 ya ba Sharfaddeen biyu, ya ce ɗaya gaskiya ne, ɗaya ƙarya. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Kafin ya buɗe ko ɗaya, rufin shagonsa na unguwar Dogo Tebo ya yi yoyo, gam ya saki, takardu suka watse. Ya shanya su, ya tattara a leda ɗaya, ya hau acaɓa sai unguwar Yerimaram, wurin Mallam Bubayaro mai ɗinkin littattafan addini.

Da ya koma karɓa, sai aka miƙo masa littafi ɗaya tal, ƙato, cikin jar fatar akuya, kuma ta dama ake buɗe shi kamar na Larabci. Mallam ya yi masa bayani cikin jin daɗi. Shi dai ba ya karanta Turanci, amma ya san lamba. Da ya ga shafi na ɗaya biyu ne, na uku ma biyu, ɗaya da manyan baƙaƙe ɗaya da ƙanana, sai ya gane matani ne da sharhinsa, don haka ya bi kowace warƙa da 'yar uwarta. Zaren ma ninki biyu ya sa, ko jikoki ba za su warware shi ba. Me za ka ce da dattijon da ya yi maka aiki tsakani da Allah? Godiya Sharfaddeen ya yi.

Ya ce bari dai ya karanta kafin Ochai ya kore shi. Nan fa kansa ya ɗaure. A wannan shafi kamfani ya mallaki mutane, ya dasa musu lamba a wuya. Ka juya, wani kamfanin ne ya mallaki mutane, yana ɗana musu ƙarfe mai zafi a kafaɗa, ya jera su a cikin jirgin ruwa kamar buhunan wake. Nan wata yarinya ta sayar da idonta an sa mata na gilashi, can an musanya wani yaro da gangar barasa. Ya iya raba labaran biyu, amma wallahi ya manta wanne Ochai ya ce gaskiya ne. Shekarun da aka rubuta ma bai yarda da su ba, don maƙaryaci ya fi kowa iya kawo kwanan wata. Masu rediyo suka yi ta zarya, shi kuwa yana zaune da kayan aiki a cinya yana juya shafi baibai.

Daga ƙarshe ya yanke hukunci irin na mai sana'a. Waya a ƙeya ai aiki ne, Bature zai iya. Ɗayan kuwa marubucin ya zuzuta, har abin ya ba shi haushi.

Ranar Asabar ya tafi gidan Ochai a tsorace, ya ajiye jan littafin a tebur, ya faɗi abin da ya faru. Ochai ya buɗe ta hagu ya tarar da ƙarshe, ya juya, ya duba warƙa biyu, fuskarsa ta haɗe. Don ya sassauta zancen, Sharfaddeen ya ce ai ya karance su duka.

"Na tarihin ya burge ni, Malam. Amma ƙagaggen nan na jirgin ruwa, ƙaryar ta yi yawa. Wa zai yi wa ɗan Adam haka?"

Ochai ya ɗago ya dube shi. Sannan ya ce, da Hausarsa mai karkata, "Injiniya, wannan ɗin shi ne tarihi."

Sharfaddeen ya nemi kujera ya zauna. Yaron nan da aka ba da shi a kan ganga, wanda ya wuce labarinsa yana tsaki, ashe ya taɓa rayuwa, yana da uwa. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi, har ya manta da dokar da ta kawo shi.

Ochai ya rufe littafin, ya shafa fatar, ya sa shi can sama inda yake ajiye Baibul ɗinsa. Ya jawo kwali ya zaro wani mara bango ya miƙa masa.

Sharfaddeen ya karɓa da hannu biyu. "Wannan fa, gaskiya ne ko ƙarya?"

"Karanta tukuna," in ji Ochai. "Ni ma wani lokaci sai na duba."