Kifin Delou

Zaren fatsa ya fizgi hannun Mamane har sai da ya durƙusa a cikin jirgin, hularsa ta faɗa ruwa. Basiru yana gefensa yana ɓare jatan lande don koto. Da farko ya ɗauka amai ne ya sake taso wa dattijon, don tun da suka bar gaɓa kansa yake rataye a bakin jirgi, yana mayar wa teku shayin da ya sha da asuba.

"Wani abu ya kama ni," in ji Mamane.

"Kai ka kama shi, Baba. Riƙe dai."

Isiyaku, shugaban tafiyar, ko waiwayowa bai yi ba. Daga can gaban jirgi ya ce dutse ne ƙugiya ta sarƙe, Bakatsine ya zo teku ran farko ya kamo ƙasa, a yanke zaren kawai a ɗaura masa wani. Sai ga dutse ya fara tafiya. Zaren ya yanka ruwa ya yi hagu, ya dawo ya nutse ƙarƙashin jirgi. Mai jirgin, wani ɗan Indiya, ya jefar da tabarsa ya leƙa ruwa, ya ce, "Hamur." Haka ake kiran wani ƙaton kifi mai zama cikin duwatsu a tekun nan.

To, yadda aka yi mai gadin bene ya tsinci kansa a tsakiyar teku ke nan. Riyad dai ba ta da ruwan da ya wuce na famfo, amma a unguwar Suwaidi akwai ƙungiyar masunta, da shugabanta da dokokinta. Isiyaku ne ya kafa ta, Bakabe ɗan Argungu mai gyaran famfo, wanda yake cewa su a gidansu yaro kan iya riƙe ƙugiya kafin ya iya riƙe cokali. Duk wata sai su cika motar Basiru, wanda yake tuƙa wa wani kamfani mota a unguwar Ulaya, su yanki sahara su nufi gabas, su yi hayar ƙaramin jirgi a bakin teku. Su dawo da fuska a ƙone da kifaye kamar tafin hannu, da labari kamar sun kamo raƙumi.

Mamane shi ne haris, wato mai gadi, na benen da Basiru yake haya. Bakatsinen Maraɗi ne, ya fi shekara ashirin a ɗakin nan na ƙarƙashin matakala. Shi yake buɗe musu ƙofa in sun dawo, ya leƙa kular ƙanƙara, ya tambayi Isiyaku ko an bar uwar kifin ne a can tana renon sauran. Kabawa da Katsinawa abokan wasa ne, kowa ya sani, don haka Isiyaku sai ya ce masa bawa ba ya leƙa kayan ubangidansa.

A bana ƙafafun Mamane suka fara kumbura, numfashi ya riƙa yanke masa a hawa ɗaya. Likita ya ce zuciya ce. Kafilinsa, ubangidan da yake riƙe da takardun zamansa, ya buga masa takardar fita ta ƙarshe, ya yanka masa tikitin ƙarshen wata. A makon ne ya tare Basiru a bakin ƙofa ya ce a tafi da shi teku. Basiru ya yi ta kawo uzuri, nisa, zafi, lafiya. Sai dattijon ya zaunar da shi a benci ya ba shi labarin Delou, matarsa. 'Yar masunta ce daga tafkin Madarunfa. Lokacin da yake nemanta ubanta ya miƙa masa fatsa don raha, ya wuni a bakin tafki bai kamo ko ɗan tsaki ba. Tun daga ranar, in faɗa ya haɗa su, ko a waya ne, da wannan take rufe baki: mutumin da bai taɓa kama kifi ba.

"Na gina mata ɗaki, na aurar da yara," in ji shi. "Kihi ɗai ya rage. Ba ni komawa hannu hwanko."

Yanzu ga shi durƙushe, zare yana cin tafinsa, leɓɓansa sun yi fari. Basiru ya tsorata. Ya miƙa hannu ya ce ya ba shi ya ja masa kaɗan, ya huta. Mamane ya kai masa gwiwar hannu a ƙirji. Ya ce in wani ya taɓa zaren nan, abin da Delou za ta fara tambaya ke nan, shi kuwa bai iya yi mata ƙarya ba, tana ganewa tun kafin ya gama.

Nan jirgi ya rikice. Isiyaku ya manta da maganar dutse, ya tsallako kan kula yana ba da umarni kamar a fagen yaƙi: sassauta, ja, kar ka bar shi ya shiga rami, in ya shiga rami shi ke nan. Nafiou, ɗan garinsu Mamane da yake tsare kanti a bayan benen, ya cire rawaninsa ya naɗe wa dattijon hannu ba tare da ya taɓa zare ba, yana ta salati. Basiru ya rungumi ƙugunsa ta baya don kar kifi ya tafi da shi, yana jin zuciyar mutumin tana dukan hannunsa kamar za ta fito. Mamane ya ja kamu ɗaya, kifi ya karɓe biyu. Ya sake ja. Can ya fara yi wa kifin magana a hankali, kamar mai lallashin jaki: haba ɗan'uwa, zo mu tahi, Maraɗi ba nisa.

Sai wata inuwa ta taso daga ƙasa, ja-ja mai ɗige-ɗige, da baki kamar bokiti. Mai jirgi ya ɗauko ƙugiyarsa mai sanda, Mamane ya ce kar ya kuskura. Isiyaku ya yanke hukunci nan take cewa ɗaukowa cikin jirgi ba kamawa ba ce, ko a Argungu haka ake yi. Da aka jefo kifin ciki ya bugi katako, jirgin gaba ɗaya ya girgiza.

Nafiou ya yi kabbara. Basiru ya rasa abin yi, ya kama mai jirgi yana jijjiga shi. Da Mamane ya samu ya miƙe aka tsayar masa da kifin, daga ƙirjinsa yake har gwiwa. Shekarun nan duka Isiyaku bai taɓa kama rabinsa ba. Ya zagaya shi, ya buɗa masa kunne, ya tsuke baki ya ce ai teku haka take, baƙo take yi wa kara. Mamane kuwa ya zame ya zauna a ruwan cikin jirgi yana dariya ba sauti, numfashi bai ishe shi ya yi mai sauti ba.

A gaɓa rigima ta tashi. Ƙungiya tana da doka tun kafuwarta: kifin farko na sabon shiga a bakin teku ake gasa shi, kowa ya ci, shi a ba shi kai. Da haka yake zama ɗan ƙungiya. Isiyaku ya yi imani in aka kai kifin farko gida, teku takan rufe hannunta ga jama'a duka. Har ya fara hura gawayi. Da ya juyo sai ya tarar Mamane ya sa kifin cikin babbar kula ya hau kai ya zauna.

"Sauka, bawana. Doka ce."

"Kihin Delou ne."

"Delou 'yar ƙungiya ce?"

"Ta hi ka sanin ruwa."

Aka yi lallashi, aka yi barazana. Isiyaku ya ce to ya sani, ba ya cikinsu, har abada sunansa mai gadi. Mamane ya ce ya ji, dama gadin yake yi. Haka suka dawo Riyad, Nafiou yana ta kiran mutane a waya yana ƙara wa kifin tsawo, Isiyaku ya juya fuska ga taga har Suwaidi.

Ɗanyen kifi ba ya kai Maraɗi, don haka Mamane ya ce banda zai yi masa. Ya samo rabin duro da ragar waya, Basiru ya hau masa da su saman bene, kusa da tankin ruwa. Mamane ya yanka kifin gunduwa-gunduwa, ya shafe da gishiri da barkono, ya jera, ya hura wuta ƙasa-ƙasa da busasshen reshen dabino. Kafin la'asar duk layin ya ɗauki ƙamshi. Wata Bamisriya a hawa na uku ta aiko mijinta ya duba ko gobara ce, mijin ya hau, ya ga kifi, ya zauna sai da aka ba shi labarin tun daga farko. Kyanwoyin unguwa kuwa suka yi layi a kan katanga kamar masu jiran albashi.

Hawan benen yana ba Mamane wuya ƙwarai, sai ya tsaya a kowane hawa ya dafa bango. Basiru ya ce ya bar masa aikin wutar. Ya ƙi. Maimakon haka ya ɗauko tabarma da buta ya tare can sama. Ya kuma hana kowa tura wa Delou hoto. Ya ce hoto ba ya ƙamshi, so yake ya ajiye mata kwalin bandan a gabanta, ya koma gefe ya ga abin da bakin nan zai ce. Duk yamma in Basiru ya hau gaishe shi sai ya tarar yana gwada yadda zai yi: zai ce mata wani ɗan abu ne ya tsinta a hanya.

Ran Laraba Basiru ya dawo daga Ulaya bayan la'asar. Tun daga bakin layi ya ɗaga kai bai ga hayaƙi ba. Bai tsaya kulle mota ba. Ya tarar da dattijon zaune ya jingina da tanki, ƙafafu a miƙe, kwalin da yake fifita wuta da shi a kan cinyarsa. Wutar ta mutu. Kyanwoyi suna kan katanga, ko ɗaya ba ta sauko ba.

"Baba," in ji Basiru. Ya durƙusa ya riƙe hannun da zare ya yanka. Ya riga ya yi sanyi.

Daga nan sai zirga-zirga, asibiti, kafili, takardu. Delou ta ce a binne shi nan, ƙasa duk ta Allah ce. Sai washegari da rana, a hanyar dawowa daga asibiti, kifin ya faɗo wa Basiru a rai. Bai gama bushewa ba, ga zafin Riyad. Ya taka mota. Ya shigo layi, ya ɗaga kai, sai ga hayaƙi yana tashi siriri daga saman bene.

Isiyaku ne tsugune gaban duro da kayan aikinsa a jiki, idanu jawur. Ya ce hayaƙi ne. Yana juya gunduwoyin ɗaya bayan ɗaya yana mita, wai Bakatsine ya jera kifi kamar mai jera bulo, ta ina iska za ta shiga. Bai je aiki ba har bandan ya yi. Wani ɗan ƙungiya da ya zo ta'aziyya ya ce ko a ɗan gutsura a ci don albarka, Isiyaku ya dube shi sau ɗaya, mutumin ya mayar da hannunsa aljihu.

Bayan jana'iza Nafiou ya hau da wata leda daga firjin kantinsa. Kan kifin ne. Ya ce marigayi ya ba shi ajiya tun ranar da suka dawo, ya ce in jirginsa na komawa gida ya tashi a ba Bakaben nan, ko ya daina kumburi. Isiyaku ya daɗe yana kallon ledar. Sannan ya ce a kira kowa. A saman benen suka dafa shi, suka zauna suka ci da hannu a tire ɗaya, aka bar gurbi ɗaya kusa da tanki.

Da hutun Nafiou ya zo, shi ya tafi da kwalin bandan. Ran da ya isa ya kira Basiru ya ce ga Inna Delou. Muryarta ƙarama ce, a dushe. Bayan gaisuwa da addu'a Basiru ya ji ana buɗe takarda.

"Ɗana, shi ya kama da hannunshi?"

"Wallahi, Inna, ba wanda ya taɓa zaren. Na miƙa hannu ya buge ni."

"Girmanshi hwa?"

"Daga ƙirjinsa har gwiwa."

"To ai Mamane gajere ne," in ji ta. Ta fara dariya, dariyar ta karye a tsakiya, Nafiou ya karɓi wayar.

Basiru ya hau saman bene. Duron yana nan da tokarsa, kyanwa ɗaya ta kwanta a cikin ragar. A igiyar shanya, inda dattijon ya rataye ta don ta bushe, ƙugiyar tana lilo da guntun zarenta, tana ɗan juyawa in iska ta taso.