Zane na Uku

"Iya, ruwa ya kusa taɓo katako fa."

Bokrye tana tsugune ta faɗi haka, idonta a tsagar daben ɗakin. Da safe rafin yana can gindin turakun da suka ɗauki gidan, yanzu kuwa da za ta zura hannu sai ta taɓa shi, jawur da laka, yana gurnani. Kwana uku ke nan sama ba ta ɗauke ba a Seoul, mijinta kuma ya fita dako tun da asuba.

Surukarta ko ɗagowa ba ta yi ba, miyar ganyen teku take juyawa.

"Bara ma ya taɓa katako ya koma. Sha miyarki. Kwana goma sha ɗaya da haihuwa, ina za ki? Ba ki ga igiya ba?"

Ta gani mana. Igiyar karan shinkafa ce a giciye a ƙofa, an soka mata jan barkono da gawayi. Sai an cika sati uku, mai jego ba ta fita, jariri ba ya fita, baƙo ba ya shiga. Iya kuwa 'ya'ya biyu ta binne, kuma har gobe ta ce don an ƙetare igiya ne.

"Jikana Dalsu ba ya fita," in ji ta, "sai in Pyo ya ce zane na uku."

To, nan fa ake yin ta. Baba Pyo shi ne maƙwabcinsu, katako ɗaya ya raba ɗakunansu. Tun zamanin sarakuna kakanninsa ke duba ruwa a tsohuwar gadar dutse ta unguwar. A jikin ginshiƙinta na tsakiya akwai zane-zane da aka sassaƙa, in ruwa ya kai na uku, kafin tukunyar shinkafa ta nuna zai ci gidaje. Sai a buga farantin tagulla kowa ya gudu. Gadar nan ta ga sarakuna sun wuce, ta ga yaƙi ya wuce ta kanta, ba ta motsa ba. Sai ga shi bana hukuma ta ce za a rufe rafin da siminti. Aka zo aka shafa wa kowane dutse lamba da farin fenti, aka kwashe su a mota zuwa wani lambun shaƙatawa. Tun ranar da aka ɗaga ginshiƙin, Baba ya kwanta ciwo.

Bokrye ta matsa jikin katakon.

"Baba, kana jina? Tsoro nake ji wallahi."

Tari ya fara zuwa, mai tsawo. "Ina jin ki, Maman Dalsu. Ina jin ruwan ma. Me tsohuwar ta ce?"

"Wa kake ce wa tsohuwa?" in ji Iya daga bakin murhu. "Ka gani da idonka ko kuwa? Ni ba na aiki da ji."

Can sai suka ji ƙofarsa ta yi ƙara.

Bokrye ta rungumi jariri ta tsaya bayan igiya tana leƙe. Ga Baba nan a cikin ruwan sama, ya ranƙwafa, kansa da ƙyar zai kai kafaɗarta, farantin tagulla a hammatarsa. Gwangpil marini, mai rina kakin soja baƙi, yana ta fama da randunansa ya hango shi.

"Baba, gadarka tana lambu tana shan iska! Can za ka je ka auna!"

"Riƙe wannan, ɗan banza." Ya danƙa masa farantin. "Dutsen gindinta yana nan, ba su iya tono shi ba. In na tsaya a kai, zane na uku daidai ƙirjina yake. Da na ɗaga hannu ka buga."

Dariyar Gwangpil ta ɗauke. "Haba Baba, ka haukace ne? Dubi ruwan nan!"

"Ba ni igiyar shanyarka."

Ya ɗaura ta a ƙugu, wasu maza biyu suka riƙe ɗaya bakin. Ya cire fararen takalmansa na roba, ya jera su a saman matakalar bakin rafi, sannan ya fara sauka. Ruwa ya kama gwiwarsa, ya kama cinyarsa. Ya yi tangaɗi, mata suka sa ihu, ya sake tsayawa yana laluben dutsen da ƙafa. Bokrye ta ƙanƙame jariri. A ƙarƙashinta wani turke ya yi ƙara, ɗakin ya ɗan karkata, miya ta zube.

"Iya, don girman Allah!"

"Ki tsaya."

Baba ya hau dutsen. Ruwa ya dake shi a ƙirji. Ya juyo, ba Gwangpil ya kalla ba, ƙofarsu ya kalla, ya ɗaga hannu.

Gwangpil ya hau buga faranti, gwam, gwam, gwam! Iya ta zabura kamar ba ita ba. Ta kwance igiyar daga ƙofa, ta naɗe Bokrye da jaririn da ita zagaye biyu, barkono da gawayi na zuba, ta ƙulle.

"To, ba ku ƙetare ba, kuna ciki. Mu je!"

Suna hawa matakalar titi Bokrye ta waiwaya. Wani ƙyaure ne ruwa ya ɗauko daga sama, yana juyi. Ta ga hannun Baba, ta ga ƙyauren, sai ta ga mazan nan biyu sun faɗi da baya, igiyar shanya ba nauyi a hannunsu. Ruwa ya tafi da Baba. Ba a jima ba ruwan ya ci gidaje tara, nasu ne na biyu. Ba a rasa kowa ba sai shi. Kwana biyu bayan haka aka sami gawarsa can ƙasa cikin yashi.

Da kaka ta yi, Bokrye ta goya Dalsu ta tafi lambun. Ga gadar nan an sake jera ta a kan busasshiyar ƙasa, ciyawa a ƙarƙashinta, lambobin fenti ba su goge ba. Ta sauka ta tsaya a gindin ginshiƙin tsakiya, ta ƙirga. Na ɗaya, na biyu, na uku. Daidai haɓarta ya tsaya, Baba kuwa kansa ma bai kai nan ba. Wataƙila da yana saurayi ƙirjinsa ne. Amma mutumin da ya shekara sittin yana duba zanen nan ai ba zai manta inda yake ba. Da ya jira ruwa ya kai can, da ita da Dalsu suna cikin ɗaki.

Ba za ta gaya wa Iya ba. Ta kwance ƙullin da ta zo da shi, ta jera fararen takalman a gindin dutsen. Dalsu yana barci a bayanta, wani busasshen ganye ya faɗo cikin takalmin hagu.